Jonal ɗin godiya da na saya N12,000: abin da na gani bayan wata biyar

Tun ranar da na ɗora hoton littafin nan na rubuta abin da mutum ke godiya a kai kullum a status mutane suka hana ni sakat, wai a ina na saya, nawa ne, kuma da gaske yana aiki ko dai irin kayan nan ne na 'yan Instagram da ake saya a ɗauki hoto a jefa ƙarƙashin gado. Duk wadda ta tambaye ni ce mata nake ta dakata tukunna, don ban son in yabi abu yau gobe in dawo ina cizon yatsa. To yanzu saura shafi ashirin da 'yan kai ya cika, ina ganin na isa in buɗe baki.

Ba zan faɗi sunan shagon ba dan Allah kar a dame ni a inbox. Na farko ba talla aka biya ni ba, na biyu akwai abubuwan da zan kushe kuma yarinya ce mai neman na kanta ban son in ɓata mata kasuwa, na uku masu sayar da irinsa sun fi a ƙirga, kusan duk abu ɗaya ne launin bango kawai ake canzawa.

Yadda aka yi na saya. Ƙarshen Disamba ne ana hutun makaranta, ni malamar aji huɗu ce a wata firamare mai zaman kanta a nan Kano, kuma wallahi a lokacin ban san me ke damuna ba. Ba ciwo nake ba, ba rasuwa aka yi mana ba, ba faɗa muke da maigida ba, amma da na kwanta sai kaina ya zama kamar kasuwar Kwari ana jibi sallah, kuɗin gas, kuɗin makarantar yara, albashin da ba ya kai sha biyar ga wata, maganar da wance ta yaɓa min a gidan suna tun wata biyu baya ita ma sai ta taso ta zauna min a ƙirji. Da safe in tashi da haushi, yaro ya zubar da shayi in yi masa tsawa kamar ya ƙona gida. Wata ƙawata da muke aiki tare ce ta turo min bidiyon mai shagon tana buɗe littafin a hankali da farce mai lalle ana kiɗa mai sanyi, ta ce gwada wannan. Na ce ke dubu sha biyu a littafin da babu komai a ciki? Kwana uku ina kallon bidiyon nan, na huɗu na tura kuɗi.

N12,000 littafi, N1,500 mai kawowa. An ce kwana biyu, sai da ya kwana biyar. Kullum na yi magana sai a ce "Anti ki yi haƙuri wallahi mai kai saƙon ne", amma dai gaskiya tana amsa saƙo kuma ba ta yi min rashin kunya ba, wannan kaɗai a kasuwar onlayin abin a yaba ne. Ya zo a kwali mai kyau da 'yar takardar godiya da biro ɗaya kyauta. Biron ya mutu a sati na biyu, Allah ya jiƙansa.

Littafin kansa girman A5 ne, wato rabin farar takardar nan ta fotokwafi, yana shiga jaka ba wahala. Bangon mai tauri ne an lulluɓe shi da wani abu kamar fata amma ba fata ba ce, da zaren alamar shafi, da roba da ake zagayowa a rufe. Shafukan na wata shida ne, kowace rana shafi ɗaya, kuma ba a buga kwanan wata ba ke za ki rubuta da kanki, wannan ku riƙe shi don zan dawo kansa, shi ne abu mafi hankali da suka yi. Sama na safe, ƙasa na dare. Na safe layi uku na abin da kike godiya a kai, layi uku na abin da zai sa yau ta yi kyau, sai layi ɗaya da ya fara da "Ni ce..." ki ƙarasa da yabon kanki. Na dare abubuwa uku masu daɗi da suka faru yau, sai layi biyu na abin da da kin yi shi daban da ranar ta fi haka. Duk da Turanci aka rubuta tambayoyin. Daga baya na gano tsarin ba nasu ba ne, an kwaikwayo shi ne daga wani da ake kira Five Minute Journal da wasu mutum biyu suka fitar a Kanada a 2013, shi ne uban duk waɗannan da kuke gani.

Takardar fa sai a hankali. In da biro na yau da kullum kike rubutu ba matsala, amma ranar da na ɗauki biro mai ruwa irin wanda nake makin da shi sai tawada ta ɓullo ta baya ta ɓata min shafin gobe. Layukan kuma gajeru ne, an auna su da Turanci, Bature zai rubuta kalma biyu ya gama, ni kuwa kafin in ce "yadda maƙwabciyata ta riƙe min yara na je asibiti" layi ya ƙare na gangara gefe ina rubutu a tsaye kamar mai gyaran jarrabawa. Sannan ba ɗinki aka yi masa ba gam ne, hunturun Kano kuwa ba ya wasa da gam, kafin ƙarshen Janairu shafukan farko guda shida sun ɓalle sai da na bi su da salatif, bangon ma ya fara ɗayewa ta kusurwa. A dubu sha biyu gaskiya ban ji daɗin wannan ba. Littafin rajistar ajinmu da ake jifa da shi kullum ya fi shi ƙwari.

To amma ba takarda na saya ba, bari in zo kan ainihin maganar.

Ranar farko bayan sallar asuba na zauna a kan darduma da fitilar waya don ba wuta, na rubuta: lafiya, iyali, Musulunci. Na ji daɗi. Rana ta biyu: lafiya, iyali, Musulunci. Ta uku na ɗan juya su, iyali, lafiya, Musulunci. Haka na yi kwana tara wallahi, ranar ta goma na buɗe na kalli shafukan nan na ce ni kam an cuce ni, wannan ai ko ba littafi ina faɗa. Mu da ko gaisuwa aka yi mana godiya ce amsar, ya gida alhamdulillahi, ya aiki da godiya, ya jiki da sauƙi ko da mutum yana kan gadon asibiti. Me littafin Bature zai koya wa Bahaushiya a kan godiya?

Sai wata rana na makara, na fito da yara biyu da jakunkuna da kular abinci, titi ya cushe, wani mai adaidaita da ba ma shi zan hau ba ya tsaya ya miƙo hannu waje ya tare motocin bayansa har muka tsallaka, ana ta yi masa hon yana ce musu "ku bari Hajiya ta wuce da yara mana". Shi kenan fa abin, bai fi daƙiƙa goma ba. Da dare na zo cike layi na rasa na uku sai na rubuta shi. Ina rubutawa na ji fuskar mutumin ta dawo min, da hular sanyinsa mai ja da baƙi, da yadda autana ya ɗaga masa hannu, kawai na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai a duhu. Ranar na gane inda matsalar take. Godiyata ta sari ce. Ina ɗaukar ni'ima buhu guda in ce alhamdulillahi ban taɓa kwance bakin buhun na ga me ke ciki ba. "Lafiya" kalma ce da ba ta da fuska, ba ta taɓa zuciya in an maimaita ta sau ɗari, amma "yau na hau benen makaranta gwiwata ba ta yi ƙara ba" wannan kam sai kin ji shi. Abin da layukan nan uku suke yi kenan, suna tilasta miki ki sayar da godiyar ɗai-ɗai kamar mai tebur a ƙofar gida.

Daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na maimaita abin da na taɓa rubutawa, kuma dole ya zama abin da zan iya nuna lokacinsa da wurinsa. Kuma abin mamaki sai ya zama da rana ina farautar abin da zan rubuta da dare, don na san layi uku na jirana. Ɗalibina da ya yi wata biyu yana fama da raba lamba ya ci uku cikin biyar. Ƙosan matar kan kwana ya fito da zafi. An kawo wuta daidai lokacin da na jiƙa kayan guga. Da can waɗannan wucewa suke kamar ba a yi ba, abin haushi kaɗai ke kwana da ni.

Ni dai malama ce ban iya barin abu ban tono shi ba, sai na shiga bincike ko wannan abin yana da tushe ko daɗin baki ne na 'yan kasuwa. Yana da shi, amma ba kamar yadda suke zuzutawa ba. A 2003 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun raba ɗalibai rukuni-rukuni na tsawon sati goma, wasu suna rubuta abu biyar da suke godiya a kai duk sati, wasu abu biyar da suka ɓata musu rai, wasu kuma abin da ya faru kawai. Masu godiyar sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun fi kyautata zaton satin gaba, har ƙorafin ciwon jiki ya ragu musu. A 2005 kuma Martin Seligman da abokan aikinsa suka sa mutane rubuta abu uku masu kyau kowane dare na sati ɗaya tak, tare da dalilin da ya sa abin ya faru, aka bi su har wata shida ana ganin alamar amfanin, musamman waɗanda suka ci gaba da yi da kansu. Ku lura da wannan na dalilin, littafin da na saya bai bar masa wuri ba, kuma da na fara ƙara shi a gefe na ga bambanci, don yawanci in kin tambayi kanki me ya sa abin ya faru sai ki tarar da mutum a bayansa.

Akwai kuma wanda masu sayarwa ba za su so ku ji ba. Wata mai bincike Sonja Lyubomirsky ta gwada masu ƙirga ni'ima sau ɗaya a sati da masu yi sau uku a sati na tsawon sati shida, sai masu sau ɗayan ne suka amfana, masu sau ukun abin ya zame musu jiki ya daina tasiri. Wato kwana tarana na "lafiya, iyali, Musulunci" ba ni kaɗai ba ce. Kenan ba dole sai kullum safe da dare ba, in kin ji ya fara zama kamar cike fom ki rage. Sannan da aka tattara bincike da dama daga baya an ga tasirin irin wannan rubutun a kan ciwon damuwa na gaske kaɗan ne. Wannan ina so a ji shi da kyau, don na ga mai shagon ta rubuta a talla wai yana maganin difireshon, wato ciwon damuwa. A'a. In mutum ya kai ba ya iya barci, ba ya iya cin abinci, ba ya son ganin kowa sati da satittika, ko tunanin cutar da kansa na zo masa, likita zai gani, a nan Kano akwai asibitin Dawanau akwai ɓangaren masu wannan lalurar a asibitin Malam Aminu Kano, ba littafi mai fure a bango ba. Ni tawa gajiya ce da ƙunci irin na yau da gobe, shi ya sa ya yi min.

Yanzu layin "Ni ce...". Wannan kam ni da shi ba mu shirya ba har yau. An ba da misalai a gaban littafin, wai ni ce mai ƙarfi, ni ce mai jawo arziki zuwa gare ni, na cancanci duk wani alheri. Na gwada, Allah ya sani na gwada. Na rubuta "ni ce mai jawo arziki" ranar da saura N2,300 a asusuna kuma gas ya ƙare, ina rubutawa wata murya a cikina tana cewa ke dai ki ji tsoron Allah. Banda haka ma bakina bai saba da faɗin abu gaba gaɗi haka ba babu in sha Allahu, sai in ji kamar ina yi wa ƙaddara gadara. Ashe shi ma an bincika, a 2009 wata malama a Jami'ar Waterloo ta Kanada mai suna Joanne Wood ta sa mutane maimaita cewa su abin so ne, sai waɗanda dama ba sa ganin kansu da daraja suka ƙara jin ba daɗi, don zuciya tana ƙaryata abin da ba ta yarda da shi ba. Masu buƙatar abin su ne yake ƙara wa ciwo kenan. Ni abin da na koma yi, na soke "Ni ce" na mai da layin na addu'a, ko in rubuta abin da na san gaskiya ne, kamar "ni ce na tashi ƙarfe biyar na dafa abincin mutum biyar kafin in fita", wannan ba mai musa min.

Akwai wasu shafuka kuma da ke zuwa duk sati da ƙalubale, su ma dariya suke ba ni. Ki saya wa kanki fure. Ki fita yawo ke kaɗai cikin lambu ki saurari tsuntsaye. Ki kashe waya ki yi wanka mai kumfa na awa ɗaya. Da wane ruwan, na 'yan garuwa? An kwaso su ne kai tsaye ba a ko tsaya an duba wa za a sayar wa ba. Da sun ce ki kira gwaggonki da kika daɗe ba ki gaisar ba, ko ki zuba abinci ki miƙa maƙwabta, da ya fi. Haka maganganun hikima da ke saman kowane shafi, duk na mutanen da ban san su ba, alhali ga aya ta 7 a Suratu Ibrahim da kowane yaron Islamiyya ya haddace, in kun gode zan ƙara muku, ga maganar Sayyidina Umar ta ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku, wadda ita ce ma daidai da layin nan na dare. In akwai mai buga littafi da ke karanta wannan, kasuwa ce a buɗe, a yi mana na Hausa da layi masu tsawo.

Sai babbar matsalar da ba a faɗa a talla, wato sirri. Wanda ya tsara littafin nan yana da ɗakinsa shi kaɗai da ƙofa mai mukulli. Mu kuwa gidanmu babu abin da yake naka kai kaɗai, ko cajar waya. Wata Asabar yayar maigida ta zo wuni, dama kwana biyu kafin nan mun ɗan yi sama da juna a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, ina kicin ina soya miya, na manta littafin a kan kujerar falo. Babbar 'yata mai shekara tara da ke ji da kanta ta iya karatun Hausa ta ɗauka ta buɗe, sai jiyo muryarta na yi tana karantawa da ƙarfi tana jan kalmomi kamar a gaban aji: "Da... ban... tanka... wa... Yaya... ba... da ta ce... miyata..." sannan ta ɗaga murya, "Umma wace Yayar, Gwaggo?" Ludayi na hannuna na fito. Yaya ta kalle ni ta kalli littafin ta gyara zaman mayafi ta ce, "Au, har littafi aka buɗe mana?" Na ce wallahi Yaya ba haka ba ne, laifina nake rubutawa ba naki ba, duba ki gani cewa na yi da ban tanka ba. Ta ce a'a ita ba ta iya karatun boko ba, a dai ci gaba da rubutawa. Da dare maigida ya ce, "Ke kuma meye na rubuta mutane a takarda?" Sai da na kai mata turmin atamfa da sallah kafin maganar ta mutu, kun ga littafin dubu sha biyu ya tashi a nawa kenan.

Bayan wannan na cusa shi can ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa, abin da ido bai gani ba kuwa hannu ba ya kai masa, na yi kwana goma sha ɗaya ban rubuta ko harafi ba, azumi ma ya shigo ga aikin sahur ga na buɗa baki. Da dayari ne mai kwanan wata a buge da shi kenan na watsar, don shafi sha ɗaya farare za su zauna suna harara ta. Amma da yake ba kwanan wata sai kawai na buɗe shafi na gaba na ɗora kamar ba a yi komai ba. Mai shagon tana ta cewa kwana 21 ya isa abu ya zama ɗabi'a, wannan zance ne kawai da ya yaɗu. Binciken da Phillippa Lally ta yi a Landan da mutum 96 ya nuna tsaka-tsakin kwana 66 ne, wani 18 ya ishe shi wani sai ya kai 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Ni sai wajen wata na uku na fara jin ba daɗi in ban rubuta ba. Dabarar da ta yi min aiki ita ce na ɗaura shi a jikin abin da dama ba na fashi, na safe bayan azkar kafin in tashi daga darduma, na dare bayan na kashe gas na rufe kicin. Maganar ɓoyo kuma na naɗe bangon da takardar ruwan ƙasa na rubuta "Lesson Note Primary 4" ɓaro-ɓaro na jefa cikin jakar makaranta, tun daga ranar ko kallonsa ba wanda ya sake yi. Sunayen mutane kuma na koma sa harafi ɗaya.

Wata za ta ce to me ya hana ki yi a waya mai lambar sirri. Na gwada kafin in sayi wannan, a manhajar rubutu ta Google Keep na fara, ƙanwata mai iPhone kuma tana amfani da Journal ɗin da Apple suka saka musu a ƙarshen 2023, akwai Day One ma da ya daɗe. Ta fannin sirri waya ta fi nesa ba kusa ba. Matsalata ni ce, in na ɗauki waya da niyyar rubuta godiya sai in farka bayan minti arba'in ina kallon status ɗin bikin wadda ban sani ba ina jin haushin labulen falona. Takarda ba ta da wannan, ba saƙon da zai faɗo, ba ta buƙatar caji.

Abin da ya fi komai daraja a wurina sai a wata na huɗu na same shi, ranar da na zauna na karanta daga farko. Abu biyu suka fito min fili. Layin nan na "da na yi daban", kusan duk ranar da na rubuta na yi wa yara tsawa ko na yi wa wani gatsali, in na duba daren jiyanta sai in ga na kai sha biyu da rabi ina danna waya. Ni da nake cewa halina ne ya lalace ashe barci ne ba ya isa ta. Na biyu, na ƙirga harafin maƙwabciyata ya fito sau 23. Ita ta riƙe min yara, ita ta ara min gas, ita ta kwashe min shanya da hadari ya taso, ita ta aiko da kunun gyaɗa ranar da nake zazzaɓi. Matar da a raina nake ce mata mai yawan surutu, in na jiyo sallamarta wani lokaci har tsaki nake yi a ciki. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Washegari na yi dambun shinkafa na kai mata da kaina, ta ce "Maman yara lafiya, me aka yi?" na ce ba komai, na rasa yadda zan ce mata littafi ne ya tona min asiri.

Ban ce na zama wata sabuwa ba. Albashi yana nan yadda yake, gas bai sauko ba, jiya ma na yi tsawa. Akwai ranakun da na buɗe shafin na ji ba abin da zan gode a kai, kuma littafin bai bar wurin da mutum zai zubar da ɓacin rai ba, komai sai mai daɗi, wannan ma aibi ne babba, don akwai ranar da abin da kike buƙata shi ne ki rubuta shafi biyu na haushi ki yage ki ƙona. Irin wannan rubutun ma wani James Pennebaker ya yi bincike a kansa tun 1986, minti goma sha biyar kwana huɗu a jere mutum ya rubuta abin da ke cin ransa, da farko a ji nauyi, daga baya ɗaliban da suka yi suka rage zuwa asibitin makaranta. Ni bayan littafin nake juyawa inda aka bar shafi huɗu farare, sun cika tun Maris.

In maki ne zan ba shi uku cikin biyar. Tsarin tambayoyin dare huɗu da rabi, rashin kwanan wata biyar cif, takarda da gam biyu, layin "Ni ce" da wankan kumfa sifili. Wadda ta san in ba ta kashe kuɗi a abu ba ba za ta riƙe shi da muhimmanci ba, irina kenan, ta saya sau ɗaya, zafin dubu sha biyun nan shi ya riƙa tashi na a satin farko. Wadda kuɗin zai taɓa mata cefane kar ta soma, ta sayi littafin makaranta mai 80 leaves da bai kai dubu ɗaya ba, ta ja layi da rula, sama uku ƙasa uku da wurin dalili, kuma ta samu inda za ta ɓoye tun kafin ta rubuta sunan kowa. Ni ma na biyun da zan shiga kenan, na riga na saya na ja layin sati biyu.

Mai karatun nan da ta haɗa ni da Gwaggonta ma ta ce sai an saya mata nata, na ce ba ni da dubu sha biyun wasa, na yago mata tsakiyar wani tsohon littafi na ninke na ja mata layi uku. Da safe na leƙa, tunda ita ma ta karanta nawa. Ta rubuta: 1. Indomie. 2. Indomie da ƙwai. 3. An ɗauke wuta lokacin homwok.